Tozon da ke bayan rigar 'yan tseren babur: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa kallon tseren babura na MotoGP, ko da a waya ne, zai lura da wani tudu da ya taso a bayan rigar fatar kowane ɗan tsere, daga ƙasan ƙeya zuwa tsakiyar baya. Ni tozo nake ce masa, don ba abin da ya yi kama da shi kamar tozon bijimi, kuma masu ɗinka rigar ma da sunan tozo suke kiransa a harsunansu. Masu tambaya a kansa iri biyu ne. Akwai masu son sani kawai, akwai kuma masu shirin zuba kuɗi su sayi irin rigar. Saboda na biyun na zauna na rubuta wannan, domin akwai wata fahimta da ta yaɗu game da tozon wadda za ta iya sa mutum ya saki jiki a inda bai kamata ba.

Mene ne a cikin tozon? Ƙarfe ne ko roba?

Soso ne. Ya fi na katifa tauri, an yanka shi ya yi kauri ta wajen wuya ya sirance ta ƙasa, aka rufe shi da fata ɗaya da ta rigar. Na taɓa riƙe wata tsohuwar riga mai tozo a hannun wani mai sayar da kayan gwanjo. Na zuge zif ɗin shafin ciki, na zura hannu na zaro soson. Launin toka ne, gefensa ya fara marmashewa, kuma bai fi nauyin silifa ɗaya ba. Na matsa shi da yatsa biyu ya lotsa. Mai kayan yana ta ce mini wannan shi ne ke hana karyewar baya, ni kuwa ina kallon abin a tafin hannuna.

A rigunan manyan 'yan tsere na yau an rarake cikin soson an zuba wasu kaya, zan zo kansu a ƙasa.

Wa ya fara kawo shi, kuma don me?

Kamfanin Dainese na Italiya, wanda Lino Dainese ya kafa a 1972, shi ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980. Kafin nan kamfanin ya riga ya ƙera garkuwar baya, wato farantin da ake sawa a cikin riga don kare ƙashin baya, kuma da zakaran Ingila Barry Sheene aka yi aikin, wanda ya ci kambun duniya a 1976 da 1977. Sai dai garkuwar ba ta iya hawa har wuya, don idan ta hau za ta hana mutum ɗaga kai. Sai aka ɗora soso a wurin da ta tsaya, ya rufe 'yan gaɓoɓin saman baya. Yadda kamfanin ke ba da tarihinsa, ɗan Italiya Pierfrancesco Chili ne ya fara fita tsere da shi.

Kenan da niyyar kariya aka fara. Amfanin iska daga baya aka gano shi, kuma daga bakin mahayi aka ji. Bafaranshe Jean-Philippe Ruggia ya lura cewa idan ya sa riga mai tozo kansa ba ya rawa sosai a miƙaƙƙiyar hanya, yana kuma gama tsere wuyansa bai yi tsami kamar da ba. Daga nan aka koma da tozon ɗakin gwajin iska, inda ake hura iska mai ƙarfi a ga yadda take bin jikin abu, aka riƙa gyara tsawonsa da tudunsa, har ya zama yadda muke ganinsa yanzu.

Iska daga gaba take bugun mutum. Yaya abin da ke baya zai taimaka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace daɗin amsawa, don amsar tana gabanmu kullum ba mu lura ba.

Ka tuna motar haya da ta biyo hanyar burji da rani. Wane gilashi ne ya fi yin buɗu-buɗu da ƙura? Na baya. Iskar da motar ta tsaga tana bin jikinta ta sama da gefe, amma da ta iso ƙarshe inda jikin motar ya yanke a tsaye, ba ta iya lanƙwasowa ta cike wurin nan take. Sai ta rabu da jikin motar ta shiga juyi, 'yan ƙananan guguwa suna murɗawa a bayanta, su ne ke ɗebo ƙurar su manna a gilashi. A wannan gurbi na baya matsin iska yana raguwa. Gaba iska na turawa da ƙarfi, baya kuma babu mai mayar da turin, sai ya zama kamar ana janyo motar ta baya. Babban kaso na ƙarfin da injin ke kashewa a babban gudu, a wannan ja yake tafiya.

Yanzu ka dubi ɗan tsere a miƙaƙƙiyar hanya. Ya kwanta a kan tankin mai, haɓarsa kusan tana taɓa tankin, gwiwoyin hannu a matse, ya ɓuya a bayan ɗan gilashin gaba. Iska ta hau gilashin, ta bi saman hular kwano, sai ta tarar da rami: tsakanin bayan hular da kafaɗu akwai gangare mai zurfi inda wuya yake. A nan take rabuwa ta fara juyi, daidai yadda take yi a bayan motar haya. Juyin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana kaɗawa hagu da dama, shi ya sa hular ke girgiza, wani lokaci ma tana neman ɗagowa sama.

Tozo cike ramin nan yake yi. Idan mahayi ya kwanta ya ɗaga kai don ya ga gabansa, bayan hularsa yana zuwa dab da saman tozon, su zama kamar abu ɗaya. Iska ta sauko daga hula ta hau tozo, ta gangara a hankali ta bi baya har wutsiyar babur. Siffar kifi ce: kai mai kauri, jiki yana sirancewa zuwa jela. Don haka ne ma hulunan tsere na yanzu ke da ɗan fiffike a baya, an yi shi ne ya miƙa wa tozo iskar.

To gudun nawa yake ƙarawa?

Kaɗan ne, amma a inda ake tseren kaɗan ɗin kuɗi ne. Dokar iska ita ce: idan gudu ya ninka sau 2, turin iska ninkawa yake sau 4. Mai gudun kilomita 300 a awa ya ninka mai gudun 60 sau 5, amma iskar da ke dukansa ta ninka sau 25, ƙarfin injin da ake buƙata don tsaga ta kuwa sau 125. A 2023, a filin Mugello na Italiya, Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu ya kai kilomita 366.1 a awa a kan babur ɗin KTM. A irin wannan gudu, ko lanƙwasar fata a kafaɗa tana da lissafi, balle rami guda a bayan wuya. Kuma wasa ne da ake rasa sahun gaba da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

A ganina ma ribar wuya ta fi ribar gudu. Tsere ɗaya yana ɗaukar minti 40 zuwa 45. Mutum yana ɗauke da hular da ta haura kilo guda, iska na kaɗa ta, yana kuma buƙatar idonsa ya tsaya cak a kan alamar da zai taka birki. Idan kai na rawa, gani na rawa. Wanda wuyansa ya gaji a zagaye na 18 shi ne zai makara da birki a zagaye na 19.

Me ya hana a rufe babur da mahayin gaba ɗaya, a huta da wannan dabara?

An taɓa kusantar haka. A shekarun 1950 baburan tsere na sanye da wani babban murfi da ya lulluɓe har ƙafar gaba, kuma kamfanin Moto Guzzi ya gina ɗakin gwajin iska nasa na kansa a Mandello del Lario. Baburan sun yi gudu, amma iskar gefe tana kwasar su kamar faifai. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, ta hana irin wannan murfi bayan kakar 1957. Tun daga lokacin bayan mahayi a buɗe yake, don haka jikinsa ya zama wani sashe na siffar babur. Abin da doka ta hana a yi wa babur, sai aka yi wa riga gwargwadon hali.

Gaskiya ne ruwan sha suke zubawa a ciki?

Gaskiya ne, musamman a ƙasashe masu zafi. Mutane da yawa sun ɗauka tozon raƙumi ruwa ne a ciki, alhali kitse ne. Na ɗan tsere kuwa da gaske akan sa masa 'yar jakar ruwa, da siririn tiyo da ya bi ta wuya ya shiga hular kwano har bakinsa. Ruwan ba shi da yawa, bai kai ledar fiya wata ɗaya ba, don kowane giram ana lissafa shi. Na jiƙa maƙogwaro ne.

Wanda yake ganin wannan gata ne ya tuna tseren Indiya na 2023 a filin Buddh. Zafi ya sa aka rage zagayen daga 24 zuwa 21, duk da haka Jorge Martín, wanda ya zo na biyu, da ya sauka daga babur sai da likitoci suka tallafe shi saboda ƙishirwa da galabaita. Mutum ne cikin rigar fata daga wuya har idon sawu, a kan injin da ke huro masa zafi ta tsakanin cinyoyi. Haka abin yake a Sepang ta Malesiya da Buriram ta Tailan. Wasu rigunan kuma an huda tozonsu, iska na shiga ta gaba ta ratsa baya ta fice.

Na ji an ce har kwamfuta akwai a ciki. Ta mece ce?

Ta jakar iska ce, kuma wannan shi ne aikin tozo mafi girma a yau. A cikin rigar akwai jaka a naɗe da ta zagaye kafaɗu da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, wasu har haƙarƙari da baya. Ƙwaƙwalwar da ke ba ta umarni tana zaune a cikin tozo tare da batir da na'urorin da ke auna motsi da juyawar jiki, a wasu rigunan har da 'yan gwangwanayen gas ɗin da ke hura jakar. Babu wani wuri a jikin riga mai matsewa da zai ɗauki waɗannan kaya in ba nan ba.

Na'urar tana karanta motsin mahayi ba ƙaƙƙautawa. Dole ta bambance girgizar da babur ke yi idan ya murɗe ya dawo daidai, da ainihin faɗuwa. Idan ta tabbatar mutum ya rabu da babur, sai ta hura jakar kafin ya taɓa ƙasa, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. In ka lura da kyau bayan faɗuwa, za ka ga ɗan tsere ya miƙe kafaɗunsa sun kumbura kamar ya sa riga uku, bayan ɗan lokaci su sace. A rigunan kamfanin Alpinestars akwai 'yan fitilu a hannun riga, mahayi na duba su kafin ya fita ya tabbatar na'urar a kunne take.

Dainese ke da tsarin D-air, Alpinestars kuma Tech-Air. Jakar D-air ta fara buɗewa a filin gasar duniya a 2007 a Valencia ta Sifen. Daga 2018 aka wajabta jakar iska a kan kowane ɗan tsere na dindindin a MotoGP da Moto2 da Moto3, wato azuzuwa biyu na ƙasa da ita. Misalin da aka fi tunawa shi ne na Marc Márquez a Mugello a 2013: babur ya ƙwace masa yana gudun sama da kilomita 330 a awa lokacin atisaye, ya faɗi ya ja jiki a gefen katanga, jakarsa ta buɗe, ya tsira da rauni a haɓa da ƙujewa, ranar Lahadi kuma ya fito tsere. Na'urar da ke tozonsa ta adana duk abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, injiniyoyi suka zazzage suka yi nazari.

Kenan tozo yana kare wuya da baya idan an faɗi?

A nan nake roƙon a saurare ni da kyau. Tozon soso shi kaɗai ba garkuwa ba ne. Ko da yake da niyyar kariya aka fara shi, ba shi ake gwadawa a ba wa shaidar kare ƙashin baya ba. Abin da ake gwadawa shi ne garkuwar baya, a ƙarƙashin ma'aunin Turai mai lamba EN 1621-2. Ana sako mata nauyi daga sama a auna ƙarfin da ya ratsa ta. Mataki na 1 yana barin abin da bai kai kilonyuton 18 ba a matsakaici (kilonyuton ma'aunin ƙarfin duka ne), mataki na 2 kuma bai kai 9 ba, wato na biyun ya fi tare duka. Duk ɗan tseren da ka gani da tozo, akwai irin wannan garkuwa a ƙarƙashin rigarsa, da wata a ƙirji. Hukumar tsere ba ta wasa da su: a 2021 a Kataloniya, zif ɗin rigar Fabio Quartararo ya buɗe, garkuwar ƙirjinsa ta fita yana cikin tsere, aka ci shi tarar daƙiƙa 3 da aka ƙara a kan lokacinsa.

Ana yawan cewa tozo na tare hula kada kai ya lanƙwashe baya. A wata faɗuwar yana iya yin hakan, amma faɗuwa ba ta zuwa da tsari ɗaya, kuma soson da yatsa ke lotsawa ba abin jingina laka ba ne. Wanda ya sayi riga mai tozo ya bar aljihun garkuwar baya babu komai, bayansa a buɗe yake.

Akwai illar da yake jawowa?

Akwai, kuma likitocin filin tsere ne suka fi saninta. Idan wanda ya ji rauni ya kwanta rigingine da tozo a ƙarƙashinsa, kafaɗunsa na ɗagawa sama, kansa ya rataya baya. Wanda ake tsoron ya samu rauni a wuya kuwa so ake kai da wuya da baya su tsaya a layi ɗaya. Yanayin yana kuma wahalar da mai son buɗe masa hanyar numfashi. Dakta John Hinds na Ailan ta Arewa, likitan da ke bin 'yan tseren kan titi a kan nasa babur don ya riga kowa isa wurin haɗari, yana cikin waɗanda suka ja hankali a kan wannan, har ya zama masu ceto suna tsaga fatar su zare soson kafin su daidaita mutum. Ya rasu a 2015 a bakin wannan aiki.

Ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba, abin yi a wurin haɗari shi ne kada a fizge hular kwano, kada a ɗaga mutum a zaunar da shi ko a ciccibe shi da hannu da ƙafa, a riƙe kansa yadda aka same shi, a kira masu agaji. Mun saba da gaggawar taimako, kuma niyya ce mai kyau, amma ɗagawar farko ita ce take gama lakar da faɗuwa ta bari.

Ina hawa babur kullum a gari, wani lokaci ina bin babbar hanya. Ina buƙatarsa?

Ba ka buƙata. Tozo yana aiki ne idan abu biyu sun haɗu: babban gudu, da kwanciya a kan tanki. Mai Boxer ko Jincheng a zaune yake a miƙe, ƙirjinsa ne ke karɓar iska, bayan hularsa kuma ya yi nisa da inda tozo zai zauna. Ko mai babban babur ne, in dai yana tafiya a gudun da doka ta yarda, ba zai ji bambancin da ya kai kuɗin ba. Abin da zai ji shi ne takura: jakar goyo ba ta zama, wanda aka goya yana karo da shi, rigar ruwa ba ta hawa a kai, jingina a kujera ma sai a hankali.

Idan kuɗin na nan, ga inda nake ganin ya kamata su tafi. Hular kwano mai rufe haɓa, mai shaidar ingancin hula ta Turai ECE 22.06 ko makamanciyarta, a ɗaure igiyarta. Sai safar hannu, don hannu ne ke fara taɓa kwalta. Sai takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai garkuwa a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. A zafin Kano ko Maraɗi rigar fata ba ta sawuwa, amma akwai masu raga-raga da iska ke ratsawa, da garkuwarsu a ciki. Rigar da za ka iya sawa kullum ta fi wadda zafi zai sa ka rataye a ƙusa.

Wanda yake shiga filin tsere na gaske da babur mai haura kilomita 200 a awa, shi kam tozo na da amfani a gare shi, kuma yawancin rigunan tsere da shi suke zuwa.

Me ya sa 'yan tsere ke tafiya a duƙe idan sun sauka? Tozon ne ke danne su?

A'a, ɗinkin rigar ne. An yanka ta ne a kan siffar mutum yana kwance a kan babur, gwiwa a lanƙwashe, hannu a gaba, baya a ranƙwafe. A kan babur ta zauna daram, a ƙasa kuwa tana ja. Da yawa daga rigunan manyan 'yan tsere da fatar kangaru ta Ostireliya ake yin su, don ta fi ta saniya rashin nauyi ga kuma juriyar gurzuwa.

Na riga na sayi riga mai tozo. Zan iya cire shi?

Ka fara duba ko rigar na da jakar iska. Idan akwai waya, ko wurin caji, ko 'yar fitila a hannu, kada ka sa wuƙa ko almakashi kusa da tozon, don akwai batir, mai yiwuwa har da gwangwanin gas mai matsi. Wannan aikin wakilin kamfanin ne.

Idan soso ne zalla, yawanci ana kaiwa gare shi ta ciki. Ka juya rigar, ka nemi zif ko maɗauri a shafin baya, ka zaro shi. Fatar wurin za ta saki ta yi kamar jakar da ba kaya, baduku mai hannu zai iya rage ta, amma ka gaya masa kada ya taɓa manyan ɗinkunan kafaɗa da na gefe, su ne ke riƙe rigar idan mutum yana jan jiki a kwalta. Tunda hannunka na ciki, ka laluba aljihun garkuwar baya. Sau da yawa abin da ke ciki wani siririn soso ne da kamfani ya sa don riƙe siffar riga, babu lamba a jikinsa. Ka zare shi, ka auna tsawo da faɗin aljihun, ka nemi garkuwa daidai wurin wadda aka buga wa EN 1621-2 da lamba 2 a jikinta.